Daga afyun zuwa tramol: abin da ƙwaya ke yi wa jikin mutum

 

Kowa a nan ya san tramol. Mun ga ɗan kabu-kabu da ya sha ta don ya kwana yana aiki, mun ga yaron da ya faɗi yana farfaɗiya a bakin kasuwa. To, daga ina ta fito?

Tushen wannan dangin magunguna afyun ne, wani ƙaro da ake tatsa daga kwanson wani fure. Ibn Sina ya ambace shi cikin littafinsa Alƙanun, ya nuna yana kashe zafin ciwo, yana kuma iya kisa. Wajen 1805 wani mai haɗa magani ɗan Jamus, Friedrich Sertürner, ya ware sinadarin da ke cikinsa, wato morfin. A 1898 kamfanin Bayer ya fara sayar da heroyin da sunan maganin tari. Ita kuwa tramadol, kamfanin Grünenthal ya fito da ita kasuwa a Jamus a 1977.

Duk tsawon lokacin nan ana shan su ba a san yadda suke aiki ba. Sai a 1973 Candace Pert da Solomon Snyder a Amurka suka nuna cewa akwai wasu ƴan gurabe a ƙwaƙwalwa da waɗannan magunguna ke maƙalewa, kamar mabuɗi cikin kwaɗo. Sai masana suka ce: in akwai kwaɗo, ai dole akwai mabuɗinsa na asali. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano shi a Aberdin. Ashe jikinmu da kansa yana yin nasa maganin zafi. Allah mai iko!

Manyan guraben uku ne: mu, delta da kappa. Wanda ya fi damunmu shi ne mu. In an buɗe shi, zafi ya lafa, mutum ya ji daɗi, amma numfashi ma yana raguwa. In ƙwaya ta yi yawa, numfashi ya tsaya cik. In kuwa kullum ana sha, guraben sai su dakushe. Ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Ranar da aka rasa, ga zufa, ga ciwon gaɓoɓi, ga gudawa, ga rashin barci. Ƴan uwa, ku lura: likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, amma ta bakin titi guda ɗaya tana kai 225.

Saboda haka wanda ya kamu yana bukatar magani. Zagi da kora ba su warkar da shi. In kana da ƙane ko aboki a wannan hali, ka riƙe hannunsa ku je wajen likita a rage masa sannu a hankali. In ka ga mai sha ya yi nauyin barci, numfashinsa na ja, kar a tsaya yayyafa masa ruwa, a garzaya asibiti.

Allah ya tsare mana hankulanmu, ya shiryi matasanmu.