TSOFAFFIN LITTATTAFAN DODO DA ALJANNU A IDON MASU KARATU



An nemi in yi magana a kan abin da masu karatu ke faɗi game da tsofaffin littattafan nan da aka tara labarun dodanni da aljannu da mayu a cikinsu. Mafi girmansu shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, wanda aka buga a Belfast cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. A 1913 ɗin kuma R. S. Rattray ya fito da nasa, daga rubutun ajami na Malam Shaihu a ƙasar da yau ake kira Ghana.

Wasu daga cikinmu na cewa camfi ne tsagwaronsa, bai kamata mai ilmi ya ɓata lokaci a kansa ba. Ba zan daɗe a nan ba, gama wanda ya karanta labarin Dodo bai zama mai bauta masa ba, kuma malamai masu sani ne suka rubuta yawancin labarun da hannunsu.

Sukan da ya fi nauyi shi ne na masu cewa Turawan mulki sun tara waɗannan abubuwa ne don su san hanyar mallakarmu, su kuma nuna wa duniya mu mutanen duhu ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Edgar jami'in mulki ne, kuma littafinsa ya yi wa jami'ai 'yan'uwansa amfani wajen koyon Hausa. A. J. N. Tremearne, wanda ya bi Hausawa har Tunis da Tarabulus yana tambayarsu sha'anin bori, ya sa wa littafinsa na 1913 suna da ke kiran al'adunmu camfe-camfe. To, amma niyyar mai tarawa daban, abin da aka tara daban. Hausar da ke ciki ta kakanninmu ce, da karin maganarta da salonta, kuma da ba a rubuta ba, da mai yawa daga cikinta ya bi tsofaffi kushewa.

Akwai kuma masu kukan cewa labarun ba su da ban tsoro kamar na fatalwar Turawa. Lalle fatalwa ba ta da yawa a cikinsu. Bahaushe ya fi jin tsoron mai rai: maye mai kama kurwa, ko baƙon da ya auri budurwa mai ruwan ido, sai an kai daji ya rikiɗe. Ban da haka, labarin da aka shirya don dare, a bakin tsohuwa, dole ya yi sanyi a kan takarda da rana tsaka.

Abin da ke damuna shi ne, tun da Neil Skinner ya fassara aikin Edgar zuwa Ingilishi a 1969 da 1977, ɗalibi ya fi saurin samun fassarar bisa ga asalin. Da yawa daga masu yabo da masu suka, da Turanci suka karanta Dodo.