Wuƙar Maƙera da Halin da Kasuwarta ke Ciki: Jawabi a Bikin Cikar Sarauta Shekara 100

  

An umurce ni da in yi magana a kan sana'o'in da suka riƙe wannan sarauta cikin shekara 100. Na zaɓi ƙira, a cikin ƙirar ma na tsaya ga wuƙa, domin ita ce a yau ta fi kusa da ɓacewa daga hannun maƙeranmu.

Kowa ya san matsayin maƙeri a ƙasar nan tun kafin zuwan Nasara. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, har igwa aka ƙera a cikin birni. A ƙasar Adar kuwa, maƙera su ke tono tama su narka ta da kansu, kuma a shekarun 1960 wata mai bincike ƴar Faransa, Nicole Echard, ta iske dattawan da suka san wannan aiki har ta ɗauke shi a fim. Narkar tama ta mutu ne da ƙarfen Turai ya yawaita. Maƙera ba su tsaya ba, sai suka koma ga ƙarfen tsofaffin motoci, musamman sifirin, wanda ke ba da kaifi mai daɗewa in an san shayar da shi.

Ranka ya daɗe, wuƙar da nake nufi ita ce wadda ake sa maƙeri ya yi wa mutum takanas. Mahauci ya je maƙera ya faɗi tsawon da yake so, ta yanka daban, ta fiɗa daban. Wanzami ya ba da aikin askarsa. Matafiyi ya sa a yi masa wuƙar damtse daidai hannunsa. Maƙeri zai dubi tafin mai ita kafin ya sassaƙa ƙota, yaro na kan zuga-zugi, gawayin ƙirya na ci, a daka ƙarfe da masaba bisa uwar maƙera, a mayar wuta, a sake dakawa. Wurin shayarwa ne ake gane gwani: in ƙarfe ya sha da yawa sai ya karye, in bai sha ba sai bakin ya lanƙwashe tun yankan farko, kuma babu ma'auni sai launin ƙarfen a idon maƙeri. Daga nan wuƙa ta tafi wurin baduku ya ɗinka mata kube. Wuƙa guda, gida uku ko huɗu sun ci abinci da ita.

To, me ya faru? Wuƙaƙen kanti ne suka cika kasuwa, masu sheƙi da ƙotar roba, ba sa tsatsa, galibinsu daga ƙasar Sin. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa har tamma 100 ta koma daidai da faran guda na Faransa maimakon 50, kayan waje sun yi tsada, aka yi zaton maƙera za su farfaɗo. Ba a daɗe ba araha ta dawo ta wata hanya. Uwargida mai yankan kuɓewa da albasa ba ta da laifi in ta sayi ta kusa kuma mai sauƙin kuɗi. In ta dakushe ta yar, ta sayi wata. A ɓangaren maƙeri kuwa, ƙirya ta yi ƙaranci a daji, kuma masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli suna kwashe sifirin kafin ya kai gare shi. Baƙi masu yawon buɗe ido, da suke sayen wuƙa da takobi a gidan tarihi na Bubu Hama da ƙauyen masu sana'a na Wadata a Yamai, su ma ƙafarsu ta ɗauke saboda matsalar tsaro. Abin da ya rage shi ne mahauta, sai kuma kwanakin jajiberin layya, lokacin da kowa ke tuna maƙeri da mai washi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran. Ɗan maƙeri ya ga walda ta fi kawo kuɗi, ƙofa da taga kullum ana nema, ban kuwa ga laifinsa ba. Amma walda ba ta koya wa mutum shayar da ƙarfe, wannan ilmi kuwa ba a rubuce yake ba, a gefen wuta ake ɗaukarsa shekara da shekaru.

Saboda haka, Allah ya ba ka nasara, ina da roƙo. Fada na ba da kyauta ga baƙi, tana naɗa sarautu, tana yi wa dogarai kaya. In aka yanke cewa wuƙa ko takobin da za a bayar da sunan wannan gida sai wanda maƙeran ƙasar nan suka ƙera, dukawanmu suka yi wa kube, aiki zai samu kowace shekara. Kowane maƙeri kuma ya riƙa buga alamarsa a jikin ƙarfen, domin mai saye ya san hannun da zai koma wa. Sarkin Maƙera yana zaune tare da mu, shi zai kawo sunayen dattawan da suka rage da yaran da za a ba su.