Hutu da matasa a Japan: tsibiri shida a kan keke

Ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda ba su samu saurare ba.

Yau magana ce da iyaye masu 'ya'ya 'yan shekara 13 zuwa 18. Kun san halinsu. Ka biya kuɗin jirgi, ka biya otal, ka kai su gidan tarihi, amma ido na kan waya, fuska a murtuke. Kuɗi sun tafi, kowa ya dawo gida da haushin kowa. To maganin abin biyu ne: jikinsu ya yi aiki, sannan a ji ta bakinsu wajen tsara tafiyar. In Allah ya hore muku zuwa Japan, akwai wurin da ya haɗa duka biyun, sunansa Shimanami Kaido.

Hanya ce da aka buɗe a 1999, ta tashi daga garin Onomichi a jihar Hiroshima, ta ƙare a Imabari da ke tsibirin Shikoku. Ga mai keke tsawonta kusan kilomita 70 ne, ta ratsa tsibirai shida, gadoji na haɗa su a kan teku. An ja shuɗin layi a gefen titi, shi za ku yi ta bi, ba ruwanku da tambayar hanya. Daga Onomichi ƙaramin jirgin ruwa ne zai tsallakar da ku da kekunanku zuwa tsibirin farko, Mukaishima, cikin 'yan mintoci.

Shawara ta farko: kar ku ce sai kun cinye ta rana ɗaya. Gwanaye suna yi, amma iyali fa? Baba ya shekara goma bai hau keke ba, autar kuma shekararta 13. Ku raba ta kwana biyu. Ranar farko ku yi wajen kilomita 30 ku kwana a Setoda, a tsibirin Ikuchijima, wanda ya yi suna da noman lemon tsami. Washegari ku ƙarasa. Kuma ku sani, duk gada sai an yi hawa kafin a kai kanta. Hawan ba mai tsanani ba ne, amma yana da tsawo, nan ne ake fara ƙorafi. Gada ta ƙarshe, Kurushima Kaikyo, ita kaɗai ta kai kusan kilomita 4, jiragen ruwa na wucewa ƙarƙashinka. A nan ko mai taurin kai sai ya ciro waya don hoto.

Keke haya ake ɗauka, kuma akwai tsarin da za ka karɓa a Onomichi ka ajiye a Imabari. Akwai masu batir don wanda gwiwa ke damunsa, sai dai ku tambaya tun kafin ku biya ko irinsu ana ajiyewa a ɗaya ƙarshen. Hular kwano kowa ya sa. Sannan ku ja wa yara kunne, a Japan hannun hagu ake tuƙi, saɓanin yadda muka saba. Manyan akwatuna kuwa, ku aika da su otal ɗinku na gaba ta hanyar da suke kira takkyubin, yawanci washegari suke isa. Jakar baya kawai ta ishe ku.

To, ina jin ta bakin nasu? Ku raba aiki tun daga gida. Ɗaya ya riƙe taswira da lokacin jiragen ruwa, ɗaya ya riƙe kuɗin abincin rana, ɗaya ya zaɓi inda za a ratse. Zaɓin ma akwai shi: a tsibirin Omishima akwai wurin ibadar Oyamazumi mai tarin tsoffin sulke da takubban samurai, kuma daga tsibirin ana shiga jirgin ruwa zuwa Okunoshima, inda zomaye ke yawo sakaka. Abin da yaro ya zaɓa da bakinsa, da wuya ya ce ya gundure shi.

Sai lokaci, wannan ku saurara da kyau. Dogon hutun makarantunmu yana faɗawa Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da can ake zafi mai gumi da guguwar teku. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli kuma damina ce. Hutun Afrilu ya fi, ko Oktoba da Nuwamba in da hali. Amma ku kauce wa ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, hutunsu ne na Golden Week, otal da keke duk sai wanda ya riga.

Abinci ma sai an lura. Taliyar ramen ta Onomichi da ake yabo, da kitsen alade ake yin ta. Akwai kuma mirin da sake, giyar shinkafa da suke sawa a girki. Kifi da kayan teku suna da yawa, amma ku tambaya, ku kuma riƙe guzurinku, don shaguna ba su da yawa a wasu sassan tsibiran. Wankan ruwan zafi na jama'a tsirara ake shiga, maza daban mata daban. In hakan bai kwanta muku ba, ku nemi masaukin da ke da na iyali, wanda ake kamawa a kulle ƙofa.

Bayan keke, ku ware yini guda don birnin Hiroshima, su ga dandalin tunawa da bam ɗin 6 ga Agusta 1945. Yaron da ya yi kwana biyu yana taka feda zai fi natsuwa ya saurara. Biza kuma ku fara nema da wuri.

Nan za mu dakata. Ku faɗa mana a ƙasa, a gidanku wa zai fara cewa ya gaji, yara ko Baba? Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.