Tsohon Keken Tsere Da Abin Da Na Gani A Makon Farko



Ya Shugaban wannan ƙungiya, iyayenmu malamai, yayyenmu da suka riga mu fita, ƙannenmu da suka biyo baya, da sauran 'yan ajinmu, ina yi muku barka da zuwa. Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu da ya shafi rayuwar ma'aikaci. Na zaɓi in yi magana a kan keke, domin kowa a nan ya san shi, amma yawancinmu mun yi sallama da shi tun ranar da muka karɓi albashin farko.

Keken da nake nufi na tsere ne, ɗan gwanjo, wanda ya girme ni. Ƙirar kamfanin Raleigh ne na birnin Nottingham a Ingila, wato gidan da ya ƙera kekunan da wasu malamanmu suka riƙa zuwa makaranta a kai. Kamfanin ya daina haɗa keke a wannan birni a 2002. A jikin nawa akwai wata 'yar takarda mai lamba 531, alamar cewa an yi shi da bututun ƙarfen Reynolds 531, wanda aka fara fitarwa a 1935. Ƙarfe ne mai ƙwari, shi ya sa ake iya yin bututun da siriri ba tare da ya karye ba. Da keken wannan kamfani Joop Zoetemelk, mutumin Holan, ya ci gasar Tour de France a 1980.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne rashin nauyi. Bai wuce kilo 10 ba, alhali irin keken da muka saba da shi ya kusa ninka haka. Ba shi da kariya, ba ƙararrawa, ba marfin sarƙa, ba abin jingina shi. Duk abin da ba ya ƙara gudu an cire shi. Kana taka feda sai ya zabura kamar dokin da aka daɗe ba a hau ba.

Na biyu, zama. Kan keken a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, sirdin kuma siriri ne mai tauri, ya kusa fin kan tsawo. Dole ka sunkuya. An yi haka ne saboda iska, domin idan gudu ya yi gudu, ita ce ke cinye mafi yawan ƙarfin mahayi. A kwana uku na farko wuyana da tafin hannuna sun ji a jikinsu. Ran na huɗu jiki ya fara sabawa.

Na uku, giya. Akwai faranti biyu a gaba, mai haƙora 52 da mai 42, da biyar a baya, daga 14 zuwa 28. Malam mai lissafi yana nan, don haka bari in yi a hankali. Idan sarƙa tana kan 52 da 14, zagaye ɗaya na feda yana juya taya kusan sau 3.7. Kewayen tayar kuwa kimanin mita 2.1 ne, ka ga taku ɗaya ya kai ka kusan mita 8. Idan ka zo hawa sai ka koma 42 da 28, taku ɗaya mita 3 da 'yan kai, amma ƙafa ta huta. Ana sauya giyar da wasu 'yan sanduna biyu da ke jikin ƙarfen da ya gangaro zuwa feda. Sai ka saki hannu ɗaya, ka tura sandar a hankali kana takawa, kana saurare har ƙarar sarƙa ta ɗauke. A 1984 ne kamfanin Shimano na Japan ya fito da giyarsa ta keken tsere da ke faɗawa gurbinta da kanta. Wannan tsohon kuwa da kunne ake tuƙa shi.

To, ba a rasa nono a ruga, amma ba a rasa kashin shanu ba. Faɗin tayar bai wuce milimita 25 ba, ga iska an ɗura mata har ta yi tauri. A kan kwalta mai kyau sai ka ji kamar a kan ruwa kake. Da ka shiga yashi sai ta nutse, rami kuwa har cikin haƙoranka za ka ji shi, tsidau ɗaya ya isa ya kai ka wurin mai faci. Bakin tif ɗin ma siriri ne, ba kowane famfo ke kama shi ba. Robar birki idan ta shekara da yawa takan bushe, don haka ita ce farkon abin da za a sauya.

Wanda ke sha'awar saye, ga shawara. Ya duba mahaɗar ƙarafa ko akwai tsaga. Ya shafa bayan wuyan keken, in ya ji ƙarfen ya tattare, an taɓa yin karo da shi. Ya tabbatar sandar sirdi tana motsi, ya juya taya ya ga ko tana rawa. Fenti ba ya tafiya da mutum, ƙarfe da boris ke tafiya da shi.

Yanzu ga inda maganar take. Ranar da na fara zuwa ofis a kai, wani abokin aiki ya ja ni gefe ya ce, "Lafiya dai? In wani abu ne ya faru ka gaya mana." A ganinsa, mai digiri ba ya hawa keke sai in ya karye. Jama'a, wannan tunani yana cutar da mu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa ya san abin da mota ke ci a albashinsa. Bugu da ƙari, daga kujerar mota muke komawa kujerar ofis, ga shi tun ba mu kai arba'in ba hirarmu ta koma ta hawan jini da ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Minti 15 zuwa, minti 15 dawowa, kwana biyar, an cika lissafi. Malamanmu da suka koya mana karatu a kan keke suka zo, kuma ban ga wanda ya fi su daraja a wannan zaure ba.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu guda. A gidajenmu akwai kekunan da aka jingine suna tsatsa. A tattara su, a ware kuɗin gyara daga asusunmu, a ba ɗaliban jeka-ka-dawo da ke takowa daga nesa suna makara, ana yi musu horo a bakin ƙofa. Ni zan fara da ɗaukar nauyin gyaran guda biyu. An ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin malamai da ɗalibai, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya bar mu da zumunci.