JARABAWA ƊAYA GA ƊIYANMU DUKA

(Jawabin da wani ɗan gari, malamin lakwal, ya yi wurin taron shekara na ƙungiya)



Ranka ya daɗe mai gari, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu da suka taso daga Yamai, Doso, Gaya, Birnin Kabi da Legas, muna gaishe ku, sannunku da hanya. Shugabannin ƙungiya sun ce mu malamai mu yi bayani a kan jarabawar yara, don iyaye da yawa suna tambaya: ƙaƙa yaro yake zama na ɗaya a lakwal ɗin garinsu, in ya je kwaleji a Dutsi ko Tibiri ya kasa shekarar farko?

Amsar tana kasuwa. In mai hatsi na Matankari yana awo da tiyarsa, na Gesheme da tasa, na Kore Mairuwa da tasa, kowa zai ce ya auna tiya goma, amma buhunan ba za su yi daidai ba. Haka makin yara yake. Wani mushe yana da sauƙin hannu, wani yana da tsanani. Wani ya gama littafi, wani rabi ya kai don bai samu aji ba sai bayan girbi. Kowanensu yana ba da 7 bisa 10, amma bakwai ɗin ba ɗaya ba ce. Uba yana Legas, a aika masa takardar maki, ya yi murna, alhali bai san da wace tiya aka auna ɗansa ba.

Wannan ne dalilin jarabawar ƙasa: sartifika, wato CFEPD, a ƙarshen aji shida (CM2); BEPC a ƙarshen kwaleji; bak a ƙarshen lise. Kun tuna an yi wajen shekara 10 ba a yin sartifika, ana tura yara kwaleji bisa makin kompozisiyo na cikin shekara. A 2024 gwamnati ta maido da ita.

Akwai kuma wani awo da ya wuce ƙasarmu. Ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu aiki da Faransanci, CONFEMEN, mai ofishi a Dakar, tana da wani shiri mai suna PASEC. Ana zaɓen lakwal-lakwal cikin kowace ƙasa, a ba yara tambayoyi iri ɗaya. A 2014 ƙasa 10 suka shiga. Cikin yaranmu na ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matsayin da ake so ga karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019, da ƙasa 14, sun kai wajen 3 cikin 10. An ci gaba, amma ku lura da saura: yaro 7 cikin 10 ya yi shekara shida bisa tabarma ko benci, bai iya karanta rubutu ya gane shi yadda ya kamata ba. Ba don an auna da tiya ɗaya ba, da ba wanda ya san haka.

Ku da kuke zaune a Nijeriya kun san WAEC. Tun 1952 aka kafa ta, kuma ƙasa biyar ke tarayya cikinta: Nijeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Mu ma ƙasashen UEMOA sun ɗauki shawara a 2020 ta daidaita jarabawar bak tsakaninsu, don takardar ɗan Doso ta yi nauyi ɗaya da ta ɗan Dakar ko Lome.

To, yaya ake shirya jarabawa ta tarayya? Ba da tambayoyi ake farawa ba. Da farko malamai su zauna su yarda a kan abin da yaro yake bukata inda za shi. Wanda zai shiga siziyam, dole ya karanta shafi guda shi kaɗai ya faɗi abin da ke ciki, ya rubuta layi goma da za a gane, ya iya rabawa da ninkawa, don a kwaleji malami ba ya tsayawa jiran kowa. Wanda zai shiga cibiyar koyon sana'a, CFM, shi ma bukatarsa ke nan: tela yana aiki da santimita, magini yana lissafin bulo da siminti, mai walda yana auna ƙarfe kafin ya yanke. Saboda haka ba mu raba yara biyu, na boko da na sana'a. Tushen ɗaya ne, ko yaro zai ƙare a jami'ar Doso da aka kafa a 2014, ko a shagonsa na kansa.

Bayan an yarda da wannan, sai a rubuta tambayoyi, kowace tambaya da abin da take aunawa. A rubuta kuma yadda za a raba maki tun kafin a ga takardar kowa. A yi jarabawa rana ɗaya, lokaci ɗaya. A rufe sunan yaro, a sa lamba. Malamin wannan gari ya duba takardun wancan gari. A ƙarshe ba jimilla kaɗai za a faɗa ba. Za a ce yara kaza sun iya karatu, kaza sun kasa rabawa, don malami ya san inda zai koma.

Ga abin da muke roƙo ga ƙungiya.

Na ɗaya: mu da malaman garuruwan da ke kewaye da mu muna haɗuwa a taron malamai na CAPED. Muna so, da iznin insifekta, mu shirya wa ƴan CM1 da CM2 jarabawar gwaji iri ɗaya sau uku a shekara: Disamba, Maris da Mayu. Aikin namu ne, ba mu neman lada. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne takarda, kuɗin bugawa da man babur na kai takardu. Muna roƙo a ware wannan cikin asusun ƙungiya, a danƙa shi hannun kwamitin lakwal, a karanta lissafinsa wurin taro mai zuwa.

Na biyu: takardar haihuwa. Yaron da ba shi da ita, sunansa ba ya shiga jarabawar ƙasa cikin sauƙi. Kowane uba ya bincika tun ɗansa yana aji uku, kada a bari sai ana rufe rajista a shiga guje-guje.

Na uku, gare ku ƴan ci-rani: kada ku kira yaro ya bi ku kasuwa ana tsakiyar shekara. Wata uku da ya rasa, ranar jarabawa za su fito.

Na huɗu, gare ku iyayenmu mata: yarinyar da ke CM2, a rage mata daka da ɗaukar ruwa daga Maris zuwa Yuni. Tambayar da aka ba namiji ita za a ba ta, lokacin bita ma a ba ta daidai da nasa.

Sai gargaɗi biyu. Tiya tana auna hatsi, ba ta noma shi. In yaro ya faɗi gwajin Disamba, wannan ba abin duka ba ne. An nuna mana inda ciwo yake tun da sauran lokacin magani. Kuma kada wani ya zo wa malami da kaza ko goro don a ƙara wa ɗansa maki. Wanda ya yi haka kansa ya cuta, don a siziyam gaskiya za ta fito, lokacin an riga an sayi kaye da tufafi, an nemi mai masauki a birni.

Sakamakon kowane gwaji za mu kawo shi a buga cikin wagga takarda, gari-gari, ba tare da sunan yaro ba, don na nesa su gani kamar na gida. Wanda yake son sanin na ɗansa, ya zo lakwal ko ya aiko wakili.