Dawakin Takarda da Dawakin Taya: Jawabi Game da Motar da Ƙungiya Za Ta Saya



Da farko ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama, ko da yake na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni, watau don duk cikin 'yan ajinmu ni kaɗai ne na ƙare da baƙin mai a hannu. Malaminmu na kimiyya yana zaune a nan gaba, kuma zai tuna sau nawa ya kore ni waje saboda surutu. To Malam, yau ga surutun ya sami wurin zuwa.

Kowa ya san abin da ke gabanmu. Mun yi karo-karo domin sayen mota mai jan ƙafa huɗu wadda za ta riƙa ɗauko marasa lafiya, musamman mata masu naƙuda, daga Jandutsi da ƙauyukan da ke kewaye zuwa asibiti a Jega. An kawo wa kwamiti motoci biyu. Dillalin ɗaya ya ce tasa tana da ƙarfin doki 170, ɗayar kuwa Land Cruiser ce mai injin 1HZ, wadda takardarta ta ce kusan doki 130. Na ji wasu daga cikinmu har sun fara karkata ga mai 170, wai don lambarta ta fi. A kan wannan lamba nake son in yi magana.

Shi ƙarfin doki ɗin nan, James Watt ne na ƙasar Sukotlan ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 18, domin ya nuna wa masu saye dawaki nawa injinsa mai tururi zai maye. A taƙaice, doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga nauyin kimanin kilo 75 sama tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Ku ƙaddara buhun shinkafa ne ake jawowa daga cikin rijiya, kowace daƙiƙa mita guda. A shekarar 1821 wani Bafaranshe mai suna Prony ya ƙera birki na katako da ake damƙe inji da shi a auna ƙarfinsa, kuma daga nan ne na'urar da mu makanikai muke kira daino ta samo asali.

Na yi shekaru ina aiki da wannan na'ura a garejin wani kamfanin gina hanyoyi a Legas. Ga yadda ake yi. Akwai manyan gangunan ƙarfe a cikin ƙasa, sai a hau da mota tayoyinta su zauna a kansu, a ɗaure ta tam da igiyoyi, a kunna wata babbar fanka a gabanta don kada ta yi zafi. Sai direba ya sa giya ta huɗu, wadda a yawancin motocin nan juyin inji da na farfela suke zuwa daidai, ya take totur har ƙasa. Mota tana ruri tana gudu, alhali ba ta je ko'ina ba. Na'urar tana riƙe gangunan tana auna irin ƙarfin da tayoyi suke murza su da shi. Mota mai jan ƙafa huɗu a kullum tana bukatar ganguna gaba da baya masu juyawa tare, in ba haka ba sai a lalata mata giya.

To, abin da na koya a can shi ne, lambar da ke cikin takarda a bakin inji aka auna ta, tun yana sabo, kafin a ɗora shi a mota. Kafin ƙarfin ya kai ƙasa kuwa sai ya ratsa kuloci, ya shiga giya, ya shiga ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya, ya bi farfela, ya shiga haƙoran aksil, sa'an nan ya iso taya. Kowanne daga cikinsu sai ya ci nasa kamasho. Ku da kuke kai albasa daga Aliero zuwa kudu kun san wannan lissafi: buhu yana barin gona da kuɗinsa, amma kafin ya isa, ɗan dako ya ci, mai mota ya ci, dillali ya ci. Abin da ya ɓace a mota zafi yake zama, shi ya sa in ka taɓa aksil bayan tafiya za ka ji ɗumi. A ƙiyasin da masu wannan sana'a suke yi, ƙaramar mota tana asarar wajen kashi 15 cikin 100, mai jan ƙafa huɗu kuwa kashi 20 zuwa 25. Ke nan doki 130 na takarda, da ƙyar 100 za su taka ƙasa, kuma wannan ga mota mai lafiya ke nan.

Ita asarar ma ana iya auna ta. In an kai ƙarshen gudu sai a taka kuloci a bar tayoyi da ganguna su tsaya da kansu. Gwargwadon saurin tsayawarsu, gwargwadon abin da giya da aksil da taya suke ci. Wata rana aka kawo mana wata a-kori-kura da direbanta ya rantse injin ya mutu, har an rubuta takardar sayen sabo. Da muka ɗora ta, sai muka ga tana tsayawa da wuri ƙwarai. Ashe birkin baya ne yake kamawa, ga boris ya bushe, ga kuma wasu ƙattin tayoyin laka da aka sa mata don ado. Injin ba abin da ya same shi. Da ba a auna ba da an zubar da kuɗi a banza, kuma da sabon injin ma haka zai yi ta nishi.

Sai kuma zafin ƙasarmu. Ma'aunin da injiniyoyin Amurka suke bi yana ɗaukar zafin iska digiri 25 ne. A nan kuwa cikin watan Afrilu muna wuce 40, kuma iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka injin yana shaƙar ƙasa da abin da ya saba da wajen kashi 5 cikin 100. A ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, da gas ɗin bakin hanya da aka gauraya. Ko ɗan injin ban-ruwan nan na fadama da muke kira 5.5, watau Honda GX160, da aka auna shi da sabon ma'auni sai kamfanin ya rubuta 4.8.

Kada ku ɗauka mu kaɗai lamba ta taɓa ruɗa. A jihar Nebraska ta Amurka wani manomi ɗan majalisa, Wilmot Crozier, ya sayi tarakta da ta kasa aikin da aka ce za ta yi. Haushin wannan ne ya sa aka yi doka a 1919 cewa ba za a sayar da wani samfurin tarakta a jihar ba sai jami'a ta gwada shi, aka kuwa fara gwajin a 1920. Mu ma a nan Nijeriya akwai cibiyar NCAM a Ilorin wadda gwajin tarakta yana cikin aikinta.

Yanzu in dawo kan motarmu. Hanyar da za ta bi rairayi ne da rani, laka da kwazazzabo da damina, kuma sau da yawa cikin dare. A irin wannan wuri yawan doki ba shi ke fid da mota ba. Abin da ake so shi ne inji mai ƙarfin murɗawa tun yana juyi a hankali, da ƙaramar giya mai aiki. Ita ƙaramar giya ba ta ƙara doki ko ɗaya, sai dai ta sayar da gudu ta sayo ƙarfin ja. Injin 1HZ, wanda ya fito tun 1990, mai silinda shida ne, lita 4.2, ba shi da kwamfuta, kuma makaniken da ke Jega ko Maiyama zai iya kwance shi ya ɗaure. Mai 170 ɗin in ta yi gardama sai an nemo mai na'ura ya zo ya duba ta. Ra'ayina ke nan, ban kuwa ɓoye ba. Amma ban ce a sayi ko ɗaya a kan maganata ba, domin tsohon inji yana iya zubar da rabin dawakinsa, takarda kuwa tana nan yadda take.

Abin da nake roƙo shi ne kada ma'aji ya sa hannu a cek sai an yi gwaji. In dillali ya yarda a kai mota inda akwai daino, madalla. In bai yiwu ba, sai mu yi namu na talaka. A ɗora wa kowace mota buhu shida na shinkafa, a sami hawa guda, a sa giya ɗaya, a riƙe agogo. A auna matsin kowace silinda, a dubi launin hayaƙi, a shiga rairayi a sa ƙaramar giya a tabbatar tayoyin gaba suna ja da gaske, domin na sha ganin motar da aka cire wa farfelar gaba aka sayar. Bayan tafiyar rabin sa'a a taɓa aksil gaba da baya, wanda hannu ya kasa daurewa a kansa yana da magana.

Zan kawo ma'aunin matsi da kaina, ba sai an biya ni ba. Ina bukatar mutum biyu daga kwamiti su tsaya shaida, da wanda zai ba mu aron buhunan. Malam kuma, in lafiya ta bari, shi zai riƙe mana agogo.