Gayya Daban, Aikin Babu Albashi Daban



An nemi mu ce wani abu a kan matasan nan masu takardar NCE da ke koyarwa kyauta a firamaren garinmu. Kowa na yaba musu, mu ma haka. Sai dai mu da muka ɗanɗani aiki babu albashi, yabo kaɗai ba ya kwantar mana da hankali.

Mun fito kwalejin horon malamai a zamanin UPE, shirin ilimi kyauta da aka ƙaddamar a 1976, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara. Ba a jima ba farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, albashin malamai ya shiga sahun abin da ake ɗagawa. Wata ya mutu, wani ya kama, shiru. Da aka kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa a 1988 mun ɗan numfasa. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa mu ga ƙananan hukumomi, muka koma gidan jiya, har sai da aka dawo da ita a 1993. Ƙannenmu ma sun ga nasu: a 2015 sai da gwamnatin tarayya ta ba jihohi rancen ceto don biyan bashin albashi, a 2020 kuwa annobar korona ta rufe makarantu, malaman makarantun kuɗi da yawa suka zauna gida babu ko sisi.

Ana cewa malamai sun yi haƙuri. Gaskiya ne, amma mun san yadda haƙurin yake daga ciki. Malami ya zo da safe ya kira suna, kafin hantsi ya sulale gona ko kasuwa. Sunansa ya cika littafin mai kanti, har yana canza hanya idan ya hango shi. Hedimasta kuwa da wane baki zai tuhumi mutumin da bai ɗora tukunya ba jiya? Gwanayen lissafi da Turanci su ne suka fara tafiya, domin su ake nema a waje. Bashin da gwamnati ta ci, yara ne suka biya shi, wasunsu suka gama aji shida ba su iya rubuta wasiƙa ba.

Wasu na kiran aikin matasan nan gayya. A'a. Mai gayya yakan sa rana, ya tanadi fura da tuwo, wani lokaci har da makaɗi. Kafin la'asar an tashi, kuma ranar da ta zagayo kanka zai zo da fartanyarsa. Kakanninmu ba su taɓa kiran gayyar da babu ranar tashi, babu abinci, babu ramuwa ba.

Mun lura 'yan birni kun fi son aikin da ake kafa wa allo a rubuta suna. Ba mu ƙi gini ba, amma aji ba ya koyar da kansa. Roƙonmu shi ne ƙungiya ta yanka wa kowane ɗayansu alawus na wata-wata, ko da na sabulu da kuɗin mota ne, a rubuta wa'adin shekara guda, a ba shi takardar shaida idan ya cika. Waɗanda ke da ƙafa a SUBEB da ofishin sakataren ilimi su riƙe sunayen nan, ranar ɗaukar malamai su tuna da su. Muna so a yanke wannan magana yau, kafin a shiga batun fentin ɗakin taro.